Noman wiwi mai lasisi a gonar gado, da maganar abin da kamfani ya ƙi karɓa

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Kumasi ne, amma muna da gonar gado eka 12 a wajen Ejura wadda mahaifinmu ya bari, har yau ba a raba ba. Ni ne babba, ni nake kula da ita. Cikin masu haƙƙi akwai yara biyu ƙanana, 'ya'yan ƙanena da ya rasu bayan mahaifinmu, suna hannuna. Masara muke nomawa, kuma 'yan shekarun nan da ƙyar take fitar da kuɗin taki da na leburori. Wani mutum ya same ni ya ce yana tare da wani kamfani mai lasisin noman wiwi mara ƙarfi, irin wanda gwamnati ta halatta don magani da masana'antu. Za su ba mu iri, mu noma, su saya. Na ce masa, idan aka gwada aka ga ya wuce ƙarfin da doka ta yarda fa? Ya ce kada in damu, duk abin da kamfani ya ƙi karɓa akwai masu ɗauka, har ma sun fi kamfanin biya. Wani abokina da ya yi karatun addini ya ce ba komai, wai Imam Ƙarafi na Malikiyya ya ce wiwi ba giya ba ce, kuma ga Maroko ƙasar Malikiyya ta halatta nomansa. Ba zan ɓoye wa Malam ba, ni da kaina na sha a ƙuruciya, Allah ya shirye ni na bari. Shin ya halatta in shiga?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kafin ka sa hannu a takarda. Da wasiƙarka ta tsaya a kan kamfani da lasisi da iri, da amsata gajeriya ce: ya halatta bisa wasu sharuɗɗa. Amma ka kawo magana ɗaya da ta juya hukuncin, ita ce amsar da mutumin ya ba ka, cewa abin da kamfani ya ƙi akwai masu ɗauka kuma sun fi biya. Muddin wannan magana tana tsakaninku, shiga wannan ciniki ta hannun wannan mutum haramun ne a kanka, ko da lasisin da ke aljihunsa na gaskiya ne.

Ita shukar a kanta ba najasa ba ce, shuka ta kuma ba zunubi ba ne don zatinta. Mutane sun daɗe suna ɓare bawon karanta suna tufka igiya, suna saƙa buhu da tufafi, kamar yadda iyayenmu suke yi da rama. 'Ya'yanta ana matse mai daga cikinsu a ci, ba sa bugarwa. Daga furenta ana fitar da wani sinadari da ake kira CBD wanda ba ya sa maye, kuma a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin Epidiolex da aka yi da shi, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Noma don waɗannan abubuwa, malaman fiƙihu sun riga sun ba mu ma'auninsa a mas'alar inabi: halal ne ga mai kai shi kasuwar 'ya'yan itace, haramun ne ga wanda ya san mai matsar giya zai sayar wa. Haramcin shan wiwi don maye kuwa ba zan ɓata maka lokaci da hujjojinsa ba. Kai da ka tuba daga gare shi ka san abin da yake yi wa hankali.

Game da gwamnati, ba ta da ikon halatta abin da Allah ya haramta, kuma a nan ba ta ma yi da'awar haka ba. A 2020 majalisar dokokin Ghana ta yi dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, doka mai lamba 1019. Sashe na 43 ya ba ministan cikin gida ikon bayar da lasisin noman wiwin da sinadarin THC, wato mai sa mayen, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba, don masana'antu da magani kawai. A watan Yulin 2022 Kotun Ƙoli ta soke sashen, saboda an shigar da shi ba tare da majalisa ta yi muhawara a kansa yadda tsarin mulki ya tanada ba. Majalisa ta maido da shi a Yulin 2023, a ƙarshen shekarar kuma aka samar da ƙa'idojin aiwatarwa, L.I. 2475. Sha, da sayar wa masu sha, da noma ba lasisi, duk suna nan a matsayin laifi kamar da.

Wannan doka tana da muhimmanci a fatawarka ta fuska biyu. Idan shugaba ya taƙaita wani abu na halal don kare jama'a daga ɓarna, bin sa wajibi ne. Ta biyun ta fi shafar ka. Manomi ba ya iya bin amfanin gonarsa har inda zai ƙare. Abin da shari'a ke nema daga gare shi shi ne rinjayen zato cewa halal za a yi da shi. A shuka mai haɗari irin wannan, lasisi da gwaji da ƙididdigar abin da aka girbe da lalata wanda ya wuce iyaka, su ne suke samar maka da wannan rinjayen zato. Mutumin nan da bakinsa ya gaya maka cewa akwai ƙofar baya. Bayan haka ba za ka iya ce wa Allah ban sani ba.

Kuma ina so ka sake sauraron maganarsa da kunnen manomi. Gaskiya ne wiwi mara ƙarfi yakan haura iyaka ba da nufin mai gona ba. Sinadarin yana ƙaruwa yayin da fure ke nuna, jinkirin girbi kaɗan ya isa ya tsallake layin. Irin da aka samar don ƙasashen Turai da Kanada, inda ranar bazara take da tsawo, idan aka kawo shi kusa da tsakiyar duniya inda dare da rana suke kusan daidai, yakan yi saurin fure, halinsa ya canza. A Amurka bayan dokar noma ta 2018 da ta buɗe wannan ƙofa da irin wannan iyaka ta 0.3, manoma da yawa sun lalata amfaninsu saboda ya haura, wasu kuma farashi ya faɗi a kansu saboda kaya sun yi yawa babu mai saye. Tambayar da ka yi masa tambaya ce ta mai hankali. Amma amfanin da ya haura daga 0.3 zuwa rabin kashi ko kashi 1, mashayi ba ya ba da kuɗinsa a kansa, domin wanda ake sha ƙarfinsa yana ninka wannan iyaka sau gommai. To su waye waɗannan da za su fi kamfani biya a kan abin da ba ya bugarwa? Ɗayan biyu ne. Ko dai irin da zai kawo maka tun asali ba mara ƙarfin ba ne, ko kuma ana so a yi amfani da gonarka da sunan lasisi a ɓoye wasu kunyoyi a tsakiya. Nau'o'in biyu a ido ɗaya suke, ganye iri ɗaya, wari iri ɗaya, sai na'urar gwaji ke raba su. Ranar da jami'ai suka zo, sunanka da na mahaifinka ne a kan gonar, shi kuma dillali lambar waya ce kawai wadda za ta daina shiga.

Kasuwar bayan fagen nan ta girmi dokar da shekaru masu yawa, kuma ka san inda kayanta suke zuwa. Wani yana tsayawa a lungunan Aboabo ta Kumasi da Nima ta Accra a hannun 'ya'yanmu na zango. Wani yana tsallaka iyaka. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya ta sha kama wani nau'i da ake kira Ghana Loud a gaɓar ruwan Legas. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da haɗin gwiwar hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar da mutum miliyan 10.6. Wannan ita ce kasuwar da ta fi biya, kuma kuɗinta daga aljihun waɗannan yara yake fitowa.

Yanzu sai maganar abokinka, kuma a nan zan tsaya, domin ba kai kaɗai ake rufewa baki da ita ba. Na ji ta a bakin ɗalibai, na ji ta a bakin masu sha da suka haddace ta ba su haddace farillan alwala ba.

Abokinka bai ƙirƙiro ta ba. Imam Shihabuddin al-Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, yana cikin manyan malaman mazhabarmu, kuma a littafinsa al-Furuƙ, a bambanci na 40, ya kasa abubuwan da suke taɓa hankali gida uku. Akwai muskir, mai rufe hankali tare da nishaɗi da annashuwa da jin ƙarfin zuciya, kamar giya. Akwai murƙid, mai ɗauke ji da gani gaba ɗaya ya kwantar da mutum. Akwai mufsid, mai dagula hankali ba tare da wannan nishaɗi ya yi rinjaye ba. Ya sa wiwi a gida na uku, dalilinsa kuwa abin da ya lura da shi ne: mashayan giya suna tashi da hayaniya da faɗa, mashayan wiwi kuwa ya gan su shiru, a lafe, ba su da kuzari. A kan wannan rabo ya gina hukunci uku da suka keɓanta da muskir: haddin bulala, da najasa, da haramcin ɗan kaɗan ko da bai bugar ba. Iyakar maganar ke nan. A cikinta ina aka ce sha halal ne?

Ƙarafi bai halatta dagula hankali ba. A wurinsa duk gwargwadon da ya taɓa hankali haramun ne, mai yi kuma alƙali zai ladabtar da shi da abin da ya ga zai hana shi. Saɓaninsa da sauran malamai a kan nau'in horo ne, haddi ko ta'aziri, da kuma tsarkin ganyen. Har ma Ibn Hajar al-Haitami ya ruwaito cewa Ƙarafi da Ibn Taimiyya duka sun hakaito ijma'i a kan haramcinsa. Mutumin da ya hakaito ijma'in haramci, shi ne yau ake jawowa a matsayin shaidar halacci. Wannan zalunci ne ga malami, kuma ina jin zafinsa.

Mai jayayya zai ce, to ai ya yi rangwame a kan kaɗan. Haka ne, kaɗan ɗin da bai taɓa hankali ko kaɗan ba. Malamai sun buɗe wannan ƙofa don mai haɗa magani da zai sa ɗan ƙwaya a cikin haɗinsa, da irin ɗan abin da kan saura a man 'ya'yan wiwi wanda ko an sha kwalba guda ba zai bugar ba. Amma ka gaya mini tsakaninka da Allah, a zamanin da kake sha, ka taɓa ganin wanda ya ba da kuɗinsa, ya naɗa, ya kunna, da nufin kada ya ji komai? Hayaƙin yana isa ƙwaƙwalwa cikin mintuna, kuma wannan isar ita ake saye. Wanda ya sha bai ji ba, cewa yake yi an cuce shi. Saboda haka rangwamen Ƙarafi bai taɓa shafar kasuwar masu sha ba, ko a zamaninsa.

Sannan shi rabon kansa ba nassi ba ne, lura ce ta malami a kan mutanen da ya gani a Masar ta ƙarni na 7 na Hijira, kuma a cikin mazhabar tamu aka fara mayar masa da martani. Shaihu Abdullahi al-Manufi, malamin Shaihu Khalil mai Mukhtasar ɗin da ake karantarwa a zaurukanmu, ya tafi a kan cewa wiwi muskir ne. Hujjarsa ta mai sanin mutane ce: mun ga masu shan sa suna sayar da dukiyarsu saboda shi, da ba su samun nishaɗi a cikinsa da ba su yi haka ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, shi ma haka ya gani, ya wajabta haddi a kansa. Wannan shi ne abin da na rinjayar a mas'alar maye. Sayyidina Umar a kan mimbari ya fassara giya da abin da ya lulluɓe hankali, bai sharɗanta hayaniya ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya rataya hukunci a kan bugarwa, bai rataya shi a kan ko abin ruwa ne ko ganye ba. Kuma ko shirun da Ƙarafi ya kafa hujja da shi, abin da muke gani ya saɓa masa. Muna ganin dariyar da ba dalili, muna ganin zaman majalisa da kiɗa da raha a kansa, muna ganin samarin da suke zuƙa kafin su fita ta'asa don zuciyarsu ta bushe. Ganyen yau ma ba na jiya ba ne. An yi shekaru ana zaɓen iri ana aurar da shi don ƙara masa ƙarfi, likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun tabbatar da alaƙa tsakanin yawan shan mai ƙarfi da taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya. Da Ƙarafi ya ga yaron da ake ɗaurewa a gidan mahaifinsa saboda wannan ganye, ba na zaton zai tsaya a kan shirun mashaya.

Wuri ɗaya nake tare da shi, kuma adalci ne in faɗa: tsarkin ganyen. Tsiro ne busasshe, ban ga dalili mai ƙarfi da zai mai da shi najasa ba. Ma'aikacin gonar halal da ganye ko ƙaro ya taɓa rigarsa, sallarsa ta yi.

To mu ma ɗauka an sallama wa abokinka duk abin da yake so, an ce mufsid ne, ba haddi, ba najasa. Me wannan ya ƙara maka? Kai ba a kan haddi ka tambaye ni ba, a kan sayarwa ka tambaya. Mazhabar Imam Malik ita ta fi kowace tsanani wajen toshe hanyar ɓarna. Littattafanta sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, da sayar da makami ga ɗan fashi, alhali inabi da ƙarfe duk masu tsarki ne, halal ne a kansu. Shi Ƙarafin a cikin littafin nan dai ya yi bayanin hanyoyin ɓarna, ya ce akwai wadda al'umma ta haɗu a kan ba a toshe ta, ya ba da misali da hana noman inabi don tsoron giya. Wannan ita ce hujjar rabin farko na amsata, cewa noman a kansa ba a hana shi. Amma daga lokacin da mai saye ya bayyana, aka san abin da zai yi, an fita daga tsoro an shiga sani. Ka ce wa abokinka ya karanta littafin gaba ɗaya, kuma ya ji tsoron Allah a kan fatawar da yake ba mutane a bakin shago. Ina kyautata masa zato cewa ji ya yi bai bincika ba.

Maroko kuwa, aikin gwamnati ba hujja ba ne a addini ko da ƙasar Malikiyya ce. Kuma ita ma ba ta yi abin da ake jingina mata ba. Dokarta mai lamba 13-21 ta 2021 ta yarda da noma don magani da kayan kwalliya da masana'antu, ta bar sha don nishaɗi a haramcinsa. An taƙaita noman a larduna uku na tsaunukan Rif, Husaima da Shafshawan da Tawnat, inda talakawa suka gaji noman tun kakanni. Dole manomi ya shiga ƙungiyar haɗin gwiwa, dole ƙungiyar ta sayar wa kamfani mai izini bisa yarjejeniya, akwai hukuma ta musamman, ANRAC, mai sa ido. Girbin farko na halal a 2023 tan 294 ne, ɗan kaɗan idan aka kwatanta da abin da ke fita ta bayan fage zuwa Turai. A watan Agustan 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yi afuwa ga mutum sama da 4,800 da aka kama ko ake nema kan noman wiwi, don a jawo su cikin tsarin. Duk ƙoƙarinsu na rufe ƙofar da dillalinka yake buɗe maka ne. Iyakarsu ma ta THC don masana'antu kashi 1 ce, ba 0.3 ba, wanda ke nuna maka waɗannan lambobi ma'aunin hukuma ne. Ma'aunin shari'a shi ne ko abin yana bugarwa, da kuma inda za a kai shi. Don haka ko kamfani mai tsabta ne, sai ka tambayi abin da yake yi da furen, domin a Amurka an ga masu juya CBD a ɗakin haɗa sinadarai ya koma abin maye da ake kira delta-8, suna sayarwa da sunan halal a doka.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka: gonar ba taka ba ce kai kaɗai. Kasancewarka babba bai ba ka ikon ƙulla yarjejeniya a kan rabon 'yan'uwanka baligai ba sai da yardarsu, yarda ta wanda aka gaya wa komai, har da maganar masu ɗaukar nan. Rabon marayu kuwa ko yardar kowa ba ta isa ba. Allah ya hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau, kuma sana'ar da kasuwarta ba ta kafu ba, wadda ake iya ƙone amfaninta da umarnin hukuma, wadda kuskure a cikinta ke iya jawo shari'a a kan ita gonar, ba ita ce hanyar da ta fi kyau ba. Ko da kamfanin da ba shi da aibi ne ya zo, ban yarda ka sa rabon yaran nan a ciki ba. Ku kira malami da dattawan dangi a raba gadon nan, a fitar da na ƙanenka a rubuta da sunan 'ya'yansa. Jinkirin rabon gado ya raba zumuncin gidaje da yawa, kuma yanzu da kuke shiri da juna shi ne lokacinsa.

Idan bayan rabo wani daga cikin 'yan'uwanka ya so shiga da rabonsa ta hannun kamfani na gaskiya, ya je ofishin NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Ghana, da ƙafarsa ya tabbatar da sunan kamfanin, da cewa izinin ya game gonarsa da nomansa, kada ya dogara da hoton takarda a waya. A rubuta farashi tun farko. A rubuta wanda zai ɗauki asara idan amfani ya haura iyaka, da cewa lalata shi za a yi a gaban jami'ai. Idan iri da taki bashi ne aka ba shi da sharaɗin dole ya sayar musu a farashin da za su yanka daga baya, wannan haɗa rance da ciniki ne a kan farashin da ba a sani ba, bai inganta ba. Idan hayar ƙasa ce, a biya da kuɗi sananne, domin mashhurin mazhaba bai yarda a yi hayar ƙasa da abin da take tsirarwa ba.

Kai kuma, ɗan'uwa, shawarata gare ka dabam ce, kuma ina ba ka ita ne don ƙauna. Ko an cika duk waɗannan sharuɗɗa, kada ka zama mai tsayuwa a wannan gona. Lokacin fure wari yana cika fili, yana bin tufafi har gida. Lokacin girbi ƙaro yana manne wa yatsu, ana kwana ana shanya, ana juyawa, ana cusawa a buhu, makonni kana shaƙa. Jikin da ya taɓa sabawa ba ya mantuwa da sauri, Shaiɗan kuma ya san tsohuwar ƙofar da yake shigo maka. Abu yakan halatta ga wani ya zama abin gudu ga wani saboda halinsa, kamar yadda malamai suka bambanta saurayi da tsoho a mas'alar sumba ga mai azumi. Tubar da Allah ya ba ka ta fi eka 12 daraja. Ka tuna kuma da samarin da za ka ɗauka aiki, da marayun da za su taso suna ganin abin da baffansu yake nomawa, su ba su san bambancin 0.3 da waninsa ba. Abin da ya wuce na ƙuruciya kuwa Allah ya suturta ka, ka bar shi a rufe. Faɗa mini da ka yi don neman hukunci ba laifi, amma ba labarin majalisa ba ne.

Ban raina matsalar masara ba. Taki ya yi tsada, kuma mai riƙe da marayu nauyinsa biyu ne. Amma ƙarancin riba bai kai lalurar da ke halatta haram ba. Ƙasar Ejura tana karɓar wake da doya, kun fi ni sanin haka, kuma bayar da hayar wani yanki ga maƙwabci da kuɗi a hannu ya fi wa marayu aminci a kan alkawarin baƙo. Ka zauna da jami'in gona na yankinku kafin damina, ka yi istihara a kan abin da ya halatta daga cikin zaɓin.

Shi kuma mutumin, ka sallame shi da magana a fili cewa ba ka yi, kada ka bar masa ƙofar "sai na yi shawara", kada ka karɓi iri ko kuɗin kafin alƙalami ko da ya ce kyauta ne. Ka gargaɗi 'yan'uwanka da maƙwabtan gona, domin wanda ya zo maka zai je musu. Idan za ka iya sanar da hukuma abin da ya faɗa ba tare da ka jefa kanka ko iyalinka cikin haɗari ba, ka yi, yana cikin hana mummuna. Idan wata yarjejeniya ta zo wa ɗaya daga cikinku nan gaba, a kai ta gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki da lauyan da ya san wannan doka kafin a sa hannu.

Allah ya tabbatar da kai a kan tubarka, ya yi wa marayun albarka, ya buɗa maka ta halal. Wallahu a'alam.